Rabin Shirin da Injiniya Ya Ji

Babu makarantar da ta ba shi sunan Injiniya. Shi ya raɗa wa kansa, ya sa mai fenti ya rubuta masa a saman ƙofar shago, harafin ƙarshe ma ya karkace don allon ya yi kaɗan. Mutane suka ga kiran ba ya rage su da komai, suka bi. Gyaran rediyo yake yi. A hannun wani kawunsa ya fara koyo, bai kai ƙarshe ba ya tattara kayansa, wai ya riga ya wuce kawun. Tun daga nan komai nasa rabi ne.

Shagon ɗan ɗaki ne a maƙale tsakanin mai aski da mai sayar da sabulu. Matattun rediyoyi sun yi tsibi har kusa da rufi, waɗanda masu su suka gaji da zarya suka bar wa Allah. A kan teburin akwai ƙarfen narka dalma, da gwangwanin madara cike da ƙananan kusoshi, da tabarau mai hannu ɗaya da aka ɗaure da waya. Hannunsa ya iya aiki, wannan kam ba a hana shi. Sai dai yana da wata hanya tasa. In ya gama gyaran rediyo ba ya kashewa, yakan bar shi yana magana, wai yana gasa shi, har mai shi ya zo ya ɗauka. Saboda haka babu shirin da Injiniya ya taɓa ji daga farko har ƙarshe. Mai magana yana tsakiyar bayani za a zo a naɗe eriya a tafi da sauran. Rabin da ya samu shi yake kullewa a ka ya kai gida da yamma, yana tafe yana taƙama kamar wanda ya sayo nama.

Matarsa ce mai karɓar wannan tsaraba. Umma ake ce mata tun da 'yarsu ta fari ta fara kiranta haka, har Injiniya da kansa ya koma ce mata Umman yara. Mace ce marar yawan magana, amma babu abin da ke wuce idonta. Ta ga lokacin da ya ji rabin shiri a kan illar gishiri, gidan ya daɗe ana cin abinci lami har yarinyar ta fara lasar bango. Ta ga lokacin da ya ji rabin shiri a kan kiwon kaji, ya cika tsakar gida da 'yan tsaki, ashe mai rediyo ya tafi da bayanin maganinsu, suka bi juna ɗaya bayan ɗaya. Umma ta share wurin. Ta riga ta gane cewa ilimin mijinta kamar mura yake, in an yi haƙuri yakan wuce da kansa.

'Yar tasu kuwa Allah Ya yi ta da baki. Tun ba ta iya tsayuwa sosai ba take zuba, har uban ya sa mata Aku, sunan ya bi ta. Bayan an daɗe aka samu namiji, wanda bayansa ba a sake samun wani ba, shi ne Auta. Auta ya fara zama ke nan, yana ɗan gwaranci da miyau a haɓa, uban ya dawo wata rana da yamma fuska cike da haske. Umma tana ganin hasken nan ta san wata sabuwar tsarabar ce ta iso.

"Umman yara, ajiye tsintsiyar nan ki zo ki ji abin da masana suka gano."

"Ina ji, Maigida."

"Wani babban masani ne ya yi bayani yau. Ya ce babu uwar da take zaunar da ɗanta ta koya masa dokokin magana, amma kafin a ankara yaro ya iya. Ya ce yaro yakan faɗi maganar da bai taɓa jin wani ya faɗa ba. Ya ce yaran duniya duk kusan lokaci ɗaya bakinsu yake buɗewa, ko wane yare ake yi a gidansu. Kin san dalili? Da tsarin magana ake haihuwar mutum. A cikin kansa yake, a shirye, kamar yadda rediyo yake fitowa daga kamfani da komai nasa a ciki."

"Ikon Allah. Sai ya ce me kuma?"

"Ya ce amma, sai mai rediyon ya zo."

"To ai amma ɗin nan ce maganar, Maigida."

"Ke dai ba ki san aikin ba. Sauran ni na ƙarasa da kaina." Ya gyara zama a kan tabarma. "Me yake hana rediyo mai kyau fita tangaram? Shiga-shigar ƙara daga waje. Ku mata ku ne ƙarar. Dubi Aku. Da tana ƙarama in ta ga gidaje sai ta ce gidodi. Wa ya ɓata ta? Ku, da wasanninku na a-gugu da waƙoƙin banza. Wannan yaron ba za a ɓata mini shi ba. Daga yau babu mai yi masa magana. Babu waƙa, babu kiran suna, babu wannan mene ne wancan mene ne. A bar shi maganar da Allah Ya zuba masa ta fito da kanta, tsantsa, mu ji irinta."

Umma ta so ta ce masa babu wanda ya taɓa cewa gidodi a gidan nan, yarinyar ce ta ƙera abinta, kuma ta gyara da kanta da ta ci gaba da jin manya. Ta dube shi ta ga ya riga ya yi nisa, ta haɗiye. A ranta ta ce wannan ma zai wuce kamar gishiri.

Bai wuce ba. Gishiri cikinsa ya taɓa, kaji aljihunsa, shi ya sa ya saki da wuri. Wannan kuwa ba ya jin zafinsa ko kaɗan, don haka ya riƙe da hannu biyu. Rediyon gidan aka cire masa batir aka ɗora a kan kabad. Aku, mai bakin da ba ya rufuwa, aka ce in ta kusanci ƙanenta ta kama bakinta, in ba haka ba ta sha bulala. In maƙwabta suka shigo suka miƙa hannu za su yi wa yaro wasa, sai Umma ta yi murmushin kunya ta ce barci yake ji.

Inna, mahaifiyar Injiniya, ta zo ganin jika, aka gaya mata doka tun a bakin ƙofa. Ta ajiye ƙunshinta ta dubi ɗan nata daga sama har ƙasa.

"Kai, ko Annabi Adamu sai da aka sanar da shi sunayen abubuwa. Ɗanka ya fi shi ne?"

"Inna, wannan maganar kimiyya ce, ba za ki gane ba."

"Ni ce ba zan gane ba? Ni na goye ka ina yi maka surutu daga safe har dare, shi ya sa ga shi har yau bakinka bai huta ba. Da na san abin da za ka yi da shi, da ni ma shirun na yi maka, mu huta gaba ɗaya."

Ta ɗauki jikanta ta yi ta zuba masa hira har ranar da ta koma, Injiniya yana zagaye yana tsaki. Bayan tafiyarta ya ce aikinsa ya koma baya, sai an ƙara tsanani.

Umma dai uwa ce. In ya fita shago takan rufe ƙofar ɗaki, ta ɗora yaron a cinya ta yi masa raɗa a kunne kamar ɓarauniya. Wata rana ya dawo ɗaukar wani abu da ya manta, ya same ta tana yi wa Auta wanka tana rera masa waƙa ƙasa-ƙasa, yaron yana dukan ruwa yana dariya. Bai yi faɗa ba. Ya tsaya yana girgiza kai irin na wanda aka ci amanarsa. Ana yaye yaron, Injiniya ya ce daga yau tare za su riƙa fita.

A bayan teburin shago ya ajiye wani babban kwali da aka taɓa kawo talabijin a ciki, ya shimfiɗa tsohon bargo, ya zuba wa yaron matattun batura da murfin rediyo ya yi wasa da su. Don kada yaron ya ji muryar rediyo, sai ya koma gwada gyaransa da abin sawa a kunne. Mai aski, wanda ya saba jin labaran duniya kyauta ta bango, ya leƙo ya ga abin da ake ciki.

"Injiniya, yaron ma gyara aka kawo shi?"

"Wanzami, in ba ka da abin faɗa ka koma kan ƙeyar mutane. Kuma kada ka kuskura ka yi masa magana."

"Ni? Ina ni ina ɓata kayan kamfani! Malam Shiru, ka ji, ban gaishe ka ba."

Daga ranar duk layin suka koma kiran yaron Malam Shiru.

Abu ɗaya Injiniya ya manta bai sa a cikin dokarsa ba, shi ne bakinsa. Bai taɓa ɗaukar maganarsa a matsayin ƙara ba. Daga safe zuwa yamma yana zaune gaban kwalin nan yana fama da masu kaya. Tsoho ya zo, ya kalle shi ta saman tabarau ya ce, "Ka dawo gobe, ba a gama ba." Mace ta zo, "Ki dawo gobe, ba a gama ba." Aka kawo rediyo mai ihu da ƙaraji, ya kara kunne ya ce, "Wannan ya lalace, sai an kwance shi." Kowa ya shigo kuma da sallama ɗaya yake shigowa: Injiniya, ina kayana?

Umma ba ta samun ɗanta sai da magariba, a gajiye, yana warin dalma, hannayensa baƙi ƙirin da garin batir. Ta wanke shi, ta ba shi abinci, uban yana zaune yana gadin bakinta, kafin ta shafa masa mai barci ya ɗauke shi. Watanni suka yi ta tafiya. Yaron ya yi tafiya, ya yi gudu, haƙora suka cika baki, magana babu. In yana son ruwa sai ya nuna da yatsa ya yi gurnani. 'Yar maƙwabciya da aka haifa bayansa har ta fara rashin kunya, tana ce wa uwarta ba za ta ba. Umma takan tsaya jikin katanga da kwanon wanki a hannu tana sauraron yarinyar tana kwaɗa wa uwarta kira. Ba wani abu mai yawa take nema ba. So take ta ji ɗan nan ya buɗe baki ya ce Umma, ko sau ɗaya, ta san cewa ba su kashe masa harshe da hannunsu ba.

Ta taɓa lallaɓawa ta bayansa ta tafa hannu, ya juyo a firgice. Ta gode wa Allah, kunne dai yana ji. A sujada takan daɗe, ta roƙi wanda Ya buɗe bakin kowane mai magana Ya buɗe na ɗanta, ta kuma nemi gafarar shirun da ta yi tun farko. In ta yi wa mijin maganar asibiti sai ya ce, "Gasuwa yake yi. Abu mai kyau ba ya sauri."

Wata rana da azahar ta kai musu abinci shago da kanta. Ta tarar Injiniya ya fita neman wani ƙarfe a kasuwa, ya bar wa mai aski tsaron ƙofa. Mai aski ya gaishe ta, ya yi kamar yana wasa aska, ya kau da kai. Ta zagaya bayan teburi. Auta yana zaune a kwali, ya ɗora murfin rediyo a cinya yana soka masa tsinke, ya tamke fuska. Ta durƙusa, ta miƙa hannu biyu, ta yi magana da muryar da ba ta raɗa ba, karo na farko a gaban wani.

"Auta na. Zo. Umma ce."

Yaron ya sunkuyar da kai, ya kalle ta ta saman ido kamar mai tabarau. Ya buɗe baki, murya 'yar ƙarama amma tas.

"Ki dawo gobe. Ba a gama ba."

Mai aski ya fashe da dariya har aska ta faɗi. Da ya ga fuskar Umma sai dariyar ta tsaya masa a wuya. Ita kuwa tana durƙushe, hannayenta a miƙe, ba ta san ko hamdala za ta yi ko kuka ba. Ɗanta yana magana. Harshensa lafiya lau. Amma maganar farko da ya yi wa uwar da ta haife shi ita ce ƙaryar da ubansa yake sallamar mutane da ita, kuma ya yi mata ita ne don a wurinsa ita ma wata ce daga cikin masu zuwa su tsaya a bakin teburi.

Ta ce alhamdu lillahi, don dole ne a faɗa. Sannan ta sa hannu ta ciro shi daga kwalin, ta saɓa shi a kafaɗa.

"Uwar gida, in ya dawo me zan ce masa?" in ji mai aski.

"Ka ce masa mai kaya ta zo ta ɗauki kayanta."

Tun daga ƙofar shago ta fara, da ƙarfi, ba ta damu da masu kallo ba. Wannan mota ce, Auta. Wancan kare ne, ka gan shi, yana hamma. Wannan bishiya, wannan takalminka, wannan hancinka, wannan kuma ni ce, Umma. Matar da layin bai taɓa jin muryarta ba ta ratsa shi tana surutu kamar mai talla. A gida ta kira Aku ta ce, "Zo ki yi wa ƙanenki hira, duk wadda kika tara." Aku ba ta jira an maimaita ba.

Injiniya ya shigo kafin la'asar, ko sallama bai yi ba. Ya tsaya a tsakar gida yana huci, ya ce an rusa masa aikin shekaru, ya ce jahilci ne yake hana mutane ci gaba, ya ce saura kaɗan da duniya ta ji sunansa. Umma ta miƙe. Ta shiga ɗaki ta sauko da rediyon nan daga kan kabad, ta hure ƙurarsa, ta mayar da batir. Ta murɗa shi ta tsayar a inda babu tasha, ta ƙure murya, ta ajiye a gabansa. Gidan ya cika da shuuu.

"Maigida, wannan rediyon kai ka gyara shi. Akwai abin da ya rasa a ciki?"

"Babu. Kashe shi!"

"To me yake cewa?"

"Ba ki kama tasha ba, me zai ce?"

"Haka ka ajiye ɗanka. Komai nasa yana ciki, ban musa ba, Allah Ya zuba masa. Tashar ce ka rufe. Ɗaya tak ka manta a buɗe, ita ce taka, ga shi kuwa yau ya karanto mini labaranta."

Wannan ya ƙara tunzura shi. Ya ɗaga murya ya haɗa da ta rediyo, yana nuna ta da yatsa, jijiyar wuyansa ta miƙe. Auta yana tsaye riƙe da zanen uwarsa, ya karkata kai yana sauraron uban kamar yadda ya ga ana yi wa kayan gyara. Da uban ya tsaya jan numfashi, sai yaron ya ɗaga kai ya dubi uwar.

"Injiniya ya lalace. Sai an kwance shi."

Aku ta toshe baki ta ruga bayan ɗaki. Umma ta kashe rediyo. Injiniya ya saki baki, har Umma ta fara jin tausayinsa, ta ɗauka abin ya shige shi. Sai ta ga hasken nan yana dawowa fuskarsa.

"Kun ji? Kun ji ko? Wa ya taɓa cewa Injiniya ya lalace a gaban yaron nan? Babu! Bai taɓa jin wannan maganar ba, daga cikinsa ta fito! Abin da masanin ya faɗa ke nan. Aikina ya yi!"

"Haɗin nasa ne," in ji Umma. "Kayan haɗin kuwa a bakinka ya tsinta, don nan kaɗai ka bar masa. Gobe ba zai je shago ba. Jibi ma haka."

Bai ja ba. Ya riga ya samu abin da zai ba mai aski labari, kuma dama kwalin ya fara yi wa yaron kaɗan.

Umma ta jira. Kalmar ruwa ce ta fara zuwa bakin yaron, sannan takalmi, sannan Aku, har kare ya riga ta. Sai wata safiya tana tsugune tana wanke kwanuka, yaron ya yi tuntuɓe a bakin ƙofa ya faɗi, ya ɗaga kai da hawaye ya kira ta Umma. Ta bar kwanukan a cikin kumfa. Ba ta gaya wa mijin ba, don kada ya ce wannan ma daga kamfani ya zo.

Auta ya girma, bakinsa ya cika, ko da yake har yau mutum ne mai jinkiri kafin ya amsa, kuma a taro yakan zaɓi gefe. Rediyo ya daina shiga shagon tun da waya ta cika hannun mutane. Wani yake haya a wurin yanzu, an goge allon. Injiniya ya tsufa, yana wuni a bencin mai aski yana ba duk wanda aka ɗaure wa ƙyalle a wuya labarin yadda ya tabbatar da maganar masana a kan ɗansa na cikinsa. Kalma ɗaya ce dai ba ta taɓa fitowa daga kamfanin ba. An yi, an yi, Inna ta yi kafin ta rasu, Umma ma ta yi don sauke hakki, yaron bai taɓa ce masa Baba ba. In ya zo wucewa ta gaban bencin yakan rusuna da ladabi ya ce, "Injiniya, ina wuni?" kamar kowane mai kaya. Tsohon sai ya juya ga na kusa da shi ya ce, "Ka ji ko? Ko ɗana ya san matsayina."